Wata na biyar: libarbar Baffa ta ƙi zuwa Karari

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin diddigin tsofaffin libarba. Yau wata biyar ke nan da buɗe littafina, ga kuma inda aka kwana: shafi goma sha ɗaya sun cika, na yi ɓarna guda ɗaya babba, kuma saura ƙiris mu ɓata da Baffana.

Ga waɗanda ba su san tsarina ba, ni ba na ajiye bindiga a gida. Halin da Sudan ke ciki tun Afrilun 2023 bai bar wa mai hankali damar yawo da ƙarfe a Gadarif ba, ko da kuwa ƙarfen ya mutu murus. Abin da nake tarawa shaidar bindigar ce: hotonta ta kowane gefe, tsawon bututunta, zanen tambarin da ke jikinta, sai labarin da masu ita ke bayarwa. Goma daga cikin sha ɗayan hotuna ne aka turo mini ta waya. Ta sha ɗayan ce kaɗai na riƙe da hannuna.

Tana gidan Baffa tun kafin a haife ni, a ƙasan wani akwatin ƙarfe, naɗe cikin tsohon rawani. Shi libarba yake ce mata, yaran gidan kuwa, da Larabci ya fi zama a bakinsu, ɗabanja suke cewa ko musaddas. Labarin da muka tashi muka tarar shi ne, kakan Baffa ya baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji, hanya ta tsayar da shi a Omdurman zamanin Halifa Abdullahi magajin Mahadi, ya shiga cikin Ansar, wato mabiyan Mahadin, kuma a filin Karari ya tsince ta ranar da aka gwabza da rundunar Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, wato 2 ga Satumba, 1898. Na sha jin wannan labari har na haddace inda Baffa ke tsayawa ya kurɓi jabana, wato gahawarmu ta Sudan.

Da aka warware rawanin, abin da na gani dunƙulen tsatsa ne mai siffar bindiga. Marfin ƙotar ya ɓace ta gefe guda, gangar harsashin ta manne da jikin bindigar kamar an yi mata walda, kunamar ba ta ko motsi. Kafin in taɓa komai sai da na kira wani maƙwabcinmu tsohon soja, ya haska ramukan shida da tocila ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ƙasa ce kawai a ciki. Don Allah duk wanda ya ci karo da irinta ya fara da wannan, in kuma an ga alamar harsashi, a bar ta inda take a sanar da hukuma.

Tun kafin in karanta harafi ko ɗaya siffarta ta nuna 'yar gidan Webley ce, na birnin Bamingam a Ingila. Irin wadda ake karyawa ce daga sama, bututun ya sunkuya ƙasa, kwanson harsashi shida su fito a tare. Ga kuma ɗan zobe a gindin ƙota, inda soja ke ɗaura igiya ya rataya a wuya don kada ta faɗi daga kan doki. Sojan Birtaniya sun karɓi Webley ta farko, Mark I, a 1887, mai cin harsashin .455. Don haka raina ya yi fari, na ce labarin Baffa na iya zama gaskiya, tun da a 1898 irin waɗannan bindigogi suna hannun Turawan da suka zo.

Rula ce ta fara ɓata mini lissafi. Webley na soja na farko-farko, daga Mark I har zuwa Mark V, galibi bututunsu inci 4 ne, kuma gindin ƙotarsu a lanƙwashe yake kamar kan tsuntsu. Ta Baffa na auna sau uku, inci 6 take ba ni, gindinta kuma a shafe, mai kusurwa. Wannan siffar Mark VI ce, ita kuwa sai a 1915 aka fara ba sojoji ita, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Na zauna a bakin angarib, gadon igiya, ina juya ta, ina neman hanyar da zan ƙaryata rular.

A nan ne zumuɗi ya kai ni ya baro. Na san ana buga suna da shekara a gefen hagu na jikin bindigar, ƙasa da ganga. Maimakon in yi haƙuri, sai na aiki yaro wurin maƙera ya sayo mini sanfara, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe. Na sa ƙarfi na dirza wurin kamar mai wankin tukunya. Haruffa suka fara fitowa, WEBLEY, sannan MARK VI, sannan 1, 9, 1. Lamba ta huɗu tana can gefe inda tsatsa ta fi cin ƙarfen, ashe ɓawon tsatsar ne ke riƙe da siffarta. Na gan ta da idona na ɗan lokaci, wani abu mai kama da 7 ko 6, na ƙara dirza sau biyu don ta fito sosai, sai ta tafi gaba ɗaya. Yanzu wurin fari ne fat, sumul, yana ƙyalli yana yi mini dariya.

Shekara ɗari da wani abu lambar nan ta jure ƙasa da damina, ni kuma na gama da ita kafin shayi ya huce.

Ga yadda na koma yi bayan na sha wannan kashi, kuma da shi na karanta sauran tambarin ba tare da na cire ko ƙwayar ƙarfe ba. Ina ɗiga man keken ɗinki a wurin, in bar shi ya kwana. Da safe in goge da auduga, in bi lungunan da tsinken itace mai laushi, ba allura ba, ba wuƙa ba. Sannan in shiga ɗaki mai duhu, in kwantar da hasken tocila daga gefe, dab da ƙarfen, ta yadda kowane ɗan rami zai yi inuwa. Abin da ido bai gani ba da rana tsaka, a nan yake fitowa. Daga ƙarshe in ɗora takarda marar kauri in shafa fensir a hankali. Ta haka na samo 'yar kibiyar nan mai ƙafa uku, kamar sawun kaza, har wuri biyu. Ita ce alamar da gwamnatin Birtaniya ke buga wa kayanta, ma'ana wannan daga rumbun soja ta fito, ba hafsa ne ya saya da kuɗinsa ba, kamar yadda hafsoshi da yawa ke yi a wancan zamani.

To, da 191 a jiki da kuma Mark VI, an ƙera ta tsakanin 1915 da 1919. Ko an ɗauki shekarar farko, Karari ta girme ta da shekara 17.

Faɗa wa Baffa shi ne aikin da ya fi dirza tsatsa wuya. Na bari sai bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa takardar fensir. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yanzu, ɗana, ƙarfe ne ya fi kakana gaskiya?" Na ce, "Allah ya ja da ran Baffa, ban ce bai je Karari ba. Na dai ce wannan ba ta raka shi ba." Bai amsa ba, ya ci gaba da jan carbi.

Goggo ce ta raba gardamar daga bakin murhu. Ta ce ita dai abin da ta sani, tana amarya aka shigo da wannan abu gidan, garma ce ta tono shi a gonar riɗi ta wajen hanyar Gallabat, garin kan iyaka da Habasha, surukinta ya naɗe ya ajiye. Ta Karari kuwa takobi ce, kuma an sayar da ita shekarar da aka yi fari. Baffa ya ce mata ba da ita ake magana ba, amma na ga bai musa ba.

Maganar Goggo ta fi zama daidai da abin da ke jikin ƙarfen. A Yulin 1940 sojojin Italiya suka kama Kasala da Gallabat, a Nuwamban shekarar kuma dakarun Birtaniya da na Indiya ƙarƙashin Birgediya Slim suka kai farmaki Gallabat. Ko da yake tun a 1932 aka sauya wa sojan Birtaniya libarba zuwa Enfield mai harsashin .38, Mark VI ba ta bar aiki ba, an yi Yaƙi na Biyu da ita. A littafina na ja layi biyu: a ɗaya na rubuta abin da ƙarfe ya nuna, a ɗayan na rubuta labarin Baffa da na Goggo, kowanne da sunan mai shi. Ban goge na Baffa ba.

Abin da nake nema yanzu shi ne abokiyar gabarta. Italiyawa suna da tasu libarbar, Bodeo ta 1889, kuma ta ƙananan sojoji tana da sauƙin ganewa: ba ta da zoben da ke kare kunama, kunamar naɗewa take yi ta kwanta a jikin bindigar. In akwai wanda ya taɓa ganin irinta a gidajen tsofaffi ta wajen Kasala ko Gallabat, hoto kawai nake so, a ajiye rula a gefe kafin a ɗauka, kuma kada a goge komai.

Ta Baffa ta koma cikin rawaninta, na shafa mata mai siriri na sa busasshen ƙyalle. Jiya da na je gaishe shi, shi da kansa ya ce in zo da littafin ranar Juma'a, wai ya tuna sunan wanda ya sayi takobin.