Na ɗauka waƙar Indiya ce, ashe ta Indunusiya ce

Ranar kasuwa da yamma na kai wayata caji wajen yaron nan mai janareta a bakin tasha, don wuta a ƙauyenmu na wajen Ringim sai ranar da ta ga dama take zuwa. Ina zaune kan benci ina jira sai ya saki wata waƙa a sifika, sarewa na tashi, ganga na amsawa irin kiɗan finafinan Indiya sak, har na fara gyaɗa kai. Amma da matar ta fara rerawa sai na ji yaren ba na Indiya ba ne, mu da muka tashi a kallon Indiya ai ko ba ka jin yaren ka san ƙamshinsa. Na ce kai wannan fa? Ya ce shi ma bai sani ba, a TikTok ya tsinto ta, yara ke ta zuwa ya tura musu a mimori.

To ni dama akwai bin ƙwaƙƙwafi, da daddare na ƙarar da datar da na saya a kan wannan magana. Sunan kiɗan dangdut, na mutanen Indunusiya ne, kuma daga ƙarar gangar aka samo sunan, dang sannan dut, kamar dai yadda yaro zai kwaikwayi kalangu da baki. Abin da ya riƙe ni shi ne asalinsa. Su ma finafinan Indiya ne suka mamaye musu silima tun wajen shekarun 1950, sai mawaƙansu suka haɗa wancan kiɗan da nasu na Malayu da ɗan salon Larabawa, aka haifi dangdut. Ku gaya min, ba labarinmu ba ke nan? A Kano ma 'yan Labanan masu gidajen silima ne suka riƙa kawo finafinan Indiya a daidai wannan zamani, iyayenmu suka kalla har suka haddace, da Kannywood ta tashi sai ga saurayi da budurwa suna zagaya bishiya da waƙa. Uba ɗaya, 'ya'ya biyu, ɗaya a Jakarta ɗaya a Kano, ba wanda ya san da ɗan'uwansa.

Sarkin kiɗan nasu Rhoma Irama ne, an haife shi 1946, ya kafa ƙungiyarsa Soneta a 1970. Sunansa Oma ne da, bayan ya sauke farali ya ɗora R da H, haruffan farko na laƙabinsa Raden da Haji, a gaba ya zama Rhoma, wato dai alhazancin ma a cikin sunan ya cusa shi, ba kamar namu ba da haƙorin Makka ke yin shela. Mutumin nan da jita a wuyansa yake wa'azi, waƙa kan caca, kan giya, har da wadda yake faɗa da samari masu raba dare a hira ba dalili. Da na ga wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, don majalisarmu ta gaban mai shayi ce ta faɗo min, mu da ba ma tashi sai mai shayi ya kife tukunya.

Rigimar ma iri ɗaya ce wallahi. A 2003 wata mawaƙiya Inul Daratista daga gabashin tsibirin Jawa ta fito da wata rawar juya ƙugu da suka sa wa suna "ngebor", ma'ana haƙa da inji irin na rijiyar burtsatse, ƙasa ta ɗauki zafi, malamai suka ce a hana, shi kansa Rhoma Irama ya fito ya ce ta ɓata musu kiɗa, wasu kuma suka tsaya mata suka ce sana'arta take yi a bar ta ta ci abinci. Ana cikin irin wannan ja-in-ja har suka yi dokar hana batsa a 2008. Mu a nan an kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 kuma tun lokacin maganar rawar mace da namiji a fim ba ta taɓa kwanciya ba. Ni dai ra'ayina, kuma na san wasu za su zage ni a ƙasa, kiɗan ba shi da laifi a kunnena amma wasu bidiyoyin na dandalin biki da na gani ba zan so ƙanwata ta buɗe su ba, na kuma gane me ya tayar wa dattawansu hankali.

Washegari na kai labarin wajen Baba Alhaji, wan mahaifinmu, yana zaune a zaure yana gyaran rediyo. Na ce Baba kun san 'yan Indunusiya kuwa? Ya ce yaro ni za ka tambaya, ai a Mina tantinsu ba iyaka, ƙanana ne ga ladabi, kayansu iri ɗaya kuma a layi suke tafiya ba sa ture kowa. Gaskiyarsa, ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 280 a tsibirai sama da 17,000, mafi yawansu Musulmi, kujerun Hajjinsu kaɗai 221,000 ne a shekara. Da na ce masa suna da wani wasan talabijin mai dogon zango kan wani mai sayar da fate da ya tafi Hajji, an yi shi daga 2012 zuwa 2017 kashi sama da 2,000, sai ya ajiye sukundireba ya ce to shi wannan Hajjin bai dawo ba ne?

Har yaron nan da ya cika wayoyi a 2025, mai baƙin tabarau da ke rawa a hancin dogon kwale-kwale ana tuƙi a guje shi ko a jikinsa, nasu ne. Tseren jirage ne da ake kira Pacu Jalur a yankin Riau, duk watan Agusta. Yaranmu sun yi ta kwaikwayonsa a kan amalanke, ɗaya ma saura ƙiris ya sha ƙasa da shanun suka zabura.

Indomie kuwa ba sai na faɗa ba, ko a sunan ka ji Indo, kamfanin Indofood ne, sai a 1995 aka fara yin ta a Ota ta jihar Ogun. Mai shayinmu har yau bai yarda ba, ya ce 'yar Legas ce. Atamfar da ake jerawa a lefe ma daga zanen batik na mutanen Jawa Turawan Holan suka kwaikwayo ta.

Jiya na kunna waƙar a tsakar gida ina son in yi wa Goggo wannan dogon bayani, ban kai ga buɗe baki ba ta ce kai ɗan nan kashe min Indiyar nan, an kusa kiran magariba.