Neman tauraron da ake zargi a cikin kundaye

Kundin NSV da masana suka fitar a Mosko a 1982 ya tattara taurari sama da 14,000 waɗanda ake zargin haskensu yana ƙaruwa yana raguwa. Da yawa daga cikinsu wani ne ya hango su a tsohon gilashin hoto, ya rubuta matsayinsu bisa ƙiyasi, ya wuce. Aikina lokacin karatu shi ne in ɗauki ɗaya, in gano takamaiman tauraron da ake nufi a kundin zamani.

Kafin komai sai na tambaya: lambobin matsayin tauraron a sama da wane ma'auni aka rubuta su, B1950 (na shekarar 1950) ko J2000 (na shekarar 2000)? Layin da duniya ke juyawa a kansa yana karkata sannu a hankali, saboda haka tazarar ma'aunan biyu kan kai kusan digiri 0.7, fiye da faɗin cikakken wata. Wannan mai sauƙi ne, kwamfuta na gyarawa nan take.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gyara. Ka buɗe kundin 2022 na Gaia, kumbon auna matsayin taurari, mai taurari kusan biliyan 1.8, ka zana ɗan da'ira a wurin, sai ka ga biyar ko goma sun cunkushe a ciki, musamman ta wajen tsakiyar damin taurarinmu. Zuciya takan ce ɗauki wanda ya fi kusa da tsakiya. A ganina nan ne aka fi yin tuntuɓe. Tsohon matsayin da ma ba daidai yake ba, kuma taurari suna tafiya: tauraron Barnard yana gusawa fiye da sakan 10 na kusurwa duk shekara (sakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri), ga shi Gaia ta auna matsayinsu ne kamar yadda suke a 2016.

Don haka nake bin su ɗaya bayan ɗaya. Haskensa ya yi daidai da abin da mai rahoton farko ya rubuta? Idan an ce ja ne, me kundin 2MASS, wanda ya auna taurari a hasken infrared da ido ba ya gani, ya nuna? Sai jadawalin haskensa na tsawon lokaci, wanda shi ma ba a amince masa ido rufe. Kowane ɗigon hoton TESS, kumbon da ke bin sauyin hasken taurari, yana rufe sakan 21 na sama, har maƙwabci mai sauya haske ya kan shafa wa tauraron da bai ji ba bai gani ba.

Sannan a leƙa VSX, kundin taurari masu sauya haske na AAVSO, ƙungiyar masu lura da irin waɗannan taurari. Sau da yawa sai ka tarar an riga an yi wa tauraron rajista tuntuni da wani suna daban.