Abin da na koya wajen yi wa kajina rigakafin salmonela

Abin da ya sa na dage da rigakafin taifot ɗin kaji shi ne ranar da likitan dabbobi ya farke wata kazata da ta mutu, hanta ta kumbura ta yi kalar tagulla, saifa ma ta yi suntum, ya ce ai Salmonella Gallinarum ce. Magani muna ta bayarwa fa, kajin su ɗan farfaɗo, ana dainawa mutuwa ta dawo.

Shi ya yi min bayani, wai ita wannan ƙwayar cutar ba a fili take zama ba, fararen ƙwayoyin jini da aikinsu haɗiye cuta, to cikinsu take shiga ta laɓe tana hayayyafa har su kai ta hanta da saifa, shi ya sa antibodi, wato sinadarin kariya da jiki ke zubawa cikin jini, shi kaɗai ba ya cim mata. Sai an tado ƙwayoyin T, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su ke sakin sinadarin intaferon gama da ke zaburar da wanda ya haɗiye ta ya kashe ta daga ciki. Rigakafi mai rai da aka raunana shi ya fi koya wa jiki wannan aikin, matacce kuma antibodi ya fi kawowa, amma shi ma da ranarsa don uwa tana zuba antibodin a gwaiduwa ya kare ɗan tsako kwanakin farko.

Da na zuba sabbi sai muka yi musu rigakafi mai rai da ake kira 9R, wanda tun 1956 ake da shi, allura ƙarƙashin fata suna sati 6, aka maimaita kafin su fara ƙwai. To nan ne aikin yake wallahi, tunda abu ne mai rai dole kwalbar ta zauna cikin ƙanƙara har a gama, in an haɗa a yi amfani da shi nan take, kuma kada a ba su antibayotik kwanaki kafin da bayan allurar, in ka ba su ka kashe rigakafin da hannunka. Wannan mutane da yawa ba sa kiyayewa kuma abin yana damuna sosai.

Mutuwar ta ragu ƙwarai. Amma salmonela ta haura iri 2,500, allura ɗaya ba ta rufe duka, don haka ɓeraye da takalman baƙi har yanzu ba na wasa da su a ɗakin kaji.