Amshi sau 14

Juma'ar da ta wuce na miƙa katin aikina, na bar gidan rediyon bayan shekara shida. Waɗanda muka yi zaman sitidiyo da su a Gusau sun san maganar da zan tayar.

Waƙar samarin nan uku ce na Tudun Wada, wadda ta cika gidajen biki da wayoyin 'yan kabu-kabu. Manajan shirye-shirye da bakinsa ya ce in ɗan taɓa su a shirin daren Asabar, wai layukan waya sun yi sanyi. Ni kuwa abin nema ya samu. Na rubuta waƙar a takarda na ƙirga: baiti biyu, sai layi ɗaya da aka maimaita sau 14. Na karanto ta kai tsaye, ba kiɗa ba rauji, kamar mai sanarwar cigiya, na ce ƙasar da ta haifi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ta fi ƙarfin wannan.

Waya ta ɗauki zafi. Masoyan yaran ma suka rabu biyu. Wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce gaskiya na faɗa, amma su rawa ta kai su, ba karatu ba. Kwana uku ana yi a Facebook. Zagin bai dame ni ba. Wanda ya kashe mini jiki wani dattijo ne da ya bugo daga Maradun, cikin sanyin murya: "Yaro, Ɗanƙwairo sau nawa ya ka maimaita amshi nai? Kai ka ƙirga mai?"

Na rasa ta cewa. Haka waƙarmu take tun asali: jagora ya ja baiti, 'yan amshi su dawo da gindin waƙa, kotso na tafe, kuma gindin nan shi ke zama a bakin mutane. Raba kowace waƙa da kiɗanta ka shimfiɗa a takarda, sai ta rame. Har gobe ina ganin baitocin yaran ba nama, amma mudun da na auna su da shi ba na waƙa ba ne.

Ashe mai ɗaukar nauyin yaran shi ke da talla mafi tsoka a gidan. Ranar Litinin sai ga takardar neman ba'asi, da sa hannun wanda ya aike ni. A gaban shugaba ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma a rediyo na ji." Aka cire ni daga shirin, wata takwas ina karanta sanarwar rasuwa.

Ƙannena da ke shigowa aikin: in babba ya ce ku taɓa wani, ku ce ya rubuto. Kada ku yanke wa waƙa hukunci ba ku gan ta a filin biki ba. Ku riƙa ajiye faifan shirinku.

Yaran sun aiko mini katin ƙaddamar da sabon kundinsu, kuma zan je. Shirin daren Asabar kuwa, ɗan ƙanwar manaja ke gabatar da shi yanzu, da waƙar nan yake buɗewa.