Ba Dannau Ba Ne, Zuciya Ce

Ni tela ne a Zariya, na haura shekara talatin a kan keke. Duk wanda ya san sana'armu ya san yadda ƙarshen shekara yake: ankon biki a jibge, kowa yana son nasa tun jiya. A irin wannan lokaci ne, cikin tsakiyar hunturu, ina da shekara 52, abin ya fara same ni.

Na kwanta wajen ƙarfe goma sha ɗaya a gajiye liƙis. Misalin ƙarfe ɗaya na farka firgigit kamar an dulmiya kaina cikin randa. Ina jan iska, ba ta kaiwa inda ya kamata. Ban san lokacin da na diro daga gado na banke taga ba. Na riƙe ƙarfen tagar ina haki, gumi yana keto mini duk da sanyin da ake zubawa. Uwargida ta tashi tana salati. "Malam, lafiya? Malam, yi magana mana!" In yi magana da wane numfashin? Sai da na yi kusan minti ashirin a tsaye sannan ƙirjin ya fara sakina. Na zauna a bakin gado har aka kira assalatu.

Da gari ya waye ras nake. Na sha kokona da ƙosai, na tafi shago, na taka keke har magariba. Ƙannena, a nan na yi kuskuren da ya haifi sauran. Dare ya faɗa mini gaskiya, safiya ta ƙaryata shi, ni kuma na bi bayan safiya domin maganarta ta fi daɗi. Wata huɗu cur ina haka.

Kowa da sunan da ya raɗa wa abin. Surukata ta ce dannau ne, a riƙa kwanciya da alwala. Na san dannau tun ina yaro: yana danne ka ka kasa ko ɗaga yatsa, cikin ɗan lokaci ya sake ka. Wannan kuwa shi ke tayar da kai da gudu, kuma ba ya barinka sai ka miƙe. Na lura da bambancin amma na yi shiru. Abokan majalisa suka ce ƙurar hunturu ce da burɓushin yadi. Wani yaro mai kemis ya ji yadda ƙirjina ke kuka, ya ce asma ce, ya sayar mini da abin shaƙa. Ban ga laifinsa sosai ba, domin daga baya na ji cewa ruwan da ke taruwa a huhu yana sa ƙirji ya yi kuka irin na mai fuka, har ma'aikatan lafiya sai sun duba da kyau kafin su rarrabe. Amma da na yi tunani, wace irin asma ce za ta jira sai na haura hamsin, kuma ta riƙa zuwa awa biyu bayan na kwanta kamar mai agogo a hannu?

Sai na fara dabara. Matashin kai ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama uku. Daga ƙarshe na koma barci a kujerar falo, na ce wa iyali bayana ne ke ciwo. Ƙafafuna suka fara kumbura da yamma, har igiyar takalmi tana barin shaida. Yaron shagona ne ya fara magana: "Oga, ka danna ƙafar nan ka gani." Na danna da babban yatsa a kan ƙwauri, ramin ya tsaya bai ciko ba. Muka yi dariya. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne, sau biyu ina buɗe ƙugun wandona da hannuna ina ƙara masa inci. Ni da tef yake rataye a wuyana kullum, na auna kaina na ga na ƙaru, na ce ƙiba ce, hutu ya zo. Ashe ruwa nake ɗauke da shi.

Asalin labarin ya girmi wannan hunturun da shekara tara. Ina da 43 aka auna ni aka ce ina da hawan jini, aka ba ni ƙwaya. Na sha wata biyu, ciwon kai ya tafi, na ajiye. A majalisa ana cewa wanda ya saba da maganin hawan jini ya zama bawansa, ni kuma ban son bauta. Bayan haka ga ciwon bayan tela, wanda nake kashewa da diclofenac kusan kullum, ban san cewa shi da ɗan'uwansa ibuprofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna kuma wahalar da ƙoda ba. Ga tsire da yaji, ga miyar da in ba ta ji dunƙule huɗu ba sai in ture kwano.

Daren da asirina ya tonu, tsayuwa a taga ba ta yi amfani ba. Na yi tari, na tofar da kumfa mai ɗan ja-ja. Uwargida ba ta tsaya shawara da ni ba, ta buga wa maƙwabci ƙofa. Ina tuna yana cewa a kwantar da ni a kujerar baya, ni kuma ina fizgewa, domin jikina ya san abin da kaina ya ƙi yarda da shi: kwanciya ce ke kashe ni. A asibiti suka jingine ni a zaune, suka sa mini iskar oksijin, suka yi mini allurar furosemide, wadda aka fi sani da Lasix. Na kwana ina fitsari kamar an ɓalle famfo. Cikin kwana biyar na sauke kilo shida, wandon da na buɗe ya koma yana zamewa.

Likitar da ta duba ni sa'ar 'yata ce. Bayan an yi mini hoton zuciya, wanda suke kira eko, ta zauna ta ce, "Baba, ka san injin ban-ruwa?" Na ce na sani. Ta ce zuciya haka take, ɓangaren hagu yana janyo jini daga huhu ya tura shi cikin jiki. Shekara tara nawa yana turawa cikin matsi saboda hawan jini, har ya gaji ya saki. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, tawa kuwa kashi 30 cikin ɗari take iyawa. Da rana ina zaune a kan keke, ruwan da ya yi yawa yana gangarawa ƙafa ya kwanta. Da na miƙe a gado sai ya fara komawa cikin jini sannu a hankali, awa ɗaya zuwa biyu, ya taru a ƙofar injin da ba ya iya kwashewa, ya yi baya ya shiga huhu. In na tashi tsaye sai ya sake gangarawa, numfashi ya dawo. Dalilin agogon ke nan, kuma dalilin da safiya take yi mini ƙarya. Ta ce sunan ciwon gazawar zuciya, kuma ba yana nufin ta tsaya ba ne, ta kasa ɗaukar kayan da aka ɗora mata ne.

Na ce mata ai ni ban tsufa da har zuciya za ta gaza ba. Ta ce wani bincike da aka wallafa a 2012, a kan majinyata kusan dubu a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya gano matsakaicin shekarun masu wannan ciwo 52 ne, kuma hawan jini ne sanadin kusan rabinsu. A Turai galibi sai an kai saba'in. Wato ni ban yi sauri ba, ban yi latti ba, a kan lokaci na zo.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne layin asibiti ranar ganin likitan zuciya. Na zaci tsofaffi zan tarar. Sai ga 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai, goye da jarirai, ƙafa a kumbure, suna haki daga bakin ƙofa zuwa benci. Akwai irin gazawar zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A nan Zariya wasu likitoci, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan, musamman na Farfesa Kamilu Karaye a Kano, ya nuna maganar ta wuce nan, akwai ƙarancin sinadarin selenium a jiki da hawan jinin masu ciki. Ba zan shiga faɗa da kakanni a kan ruwan zafi ba, ban isa ba. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, wannan ba gardama. Kai ango, in matarka mai jego ta fara tashi tsakar dare tana neman taga, ko ta ce ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada ka bari a rufe bakinka da "gajiyar haihuwa ce". In an kama shi da wuri, da yawansu zuciyar tana farfaɗowa. Na kuma ga saurayi a layin nan wanda ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba ya lalata masa ƙofofin zuciya.

In abin ya sami wani a gidanku, ku zaunar da shi, ƙafafunsa suna lilo a bakin gado. Kada ku kwantar da shi, kada ku ɗura masa ruwa ko jiƙo. In numfashin bai dawo ba, ko ƙirji yana ciwo, ko leɓe ya canza launi, ko kumfa ta fito, ku nemi mota a daren, ba sai an yi asuba ba. In ya lafa, to gobe asibiti, ko da ya tashi yana tsalle. Addu'a kuwa a yi ta a hanya. Malamin unguwarmu da na je wa neman rubutu tun a watan farko ya ba ni, ya kuma ce in je a duba ƙirjina. Na karɓi rabin maganarsa na bar masa rabi.

Kuma in kun je, ku faɗi abin yadda yake. Ni na taɓa zuwa wani ƙaramin asibiti a wata na biyu, na ce "tari nake yi", aka ba ni maganin tari na dawo. Da na ce numfashina yana sarƙewa awa biyu bayan na kwanta, da matashi uku nake barci, ƙafata tana kumbura, kuma na taɓa shan maganin hawan jini na bari, da tun ranar aka kama ɓarawon.

Yanzu ƙwaya huɗu nake sha, ni da na guji ɗaya. Kuɗinsu yana cizo, ba zan ɓoye muku ba. Ta fitsarin da safe nake shanta don kada ta hana ni barci, kuma kafin azumi sai na je an tsara mini yadda zan yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi. Uwargida ta koma daddawa da citta da tafarnuwa, na yi mita wata ɗaya, harshe ya saba. Hoton bara ya nuna zuciyar ta hau zuwa kashi 42 cikin ɗari.

Akwai sikeli kusa da dardumata. Kowace safiya bayan na fito daga bayi nakan hau, domin likita ta ce in na ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne ya fara dawowa, in zo kafin ya kai huhu. A bayan littafin da nake rubuta awon masu ɗinki nake rubuta nawa. Yau 74 ne, jiya ma 74. Yaron shagon nan da ya sa na danna ƙafata ya cika talatin a bana, na ja shi da kaina aka yi masa awon hawan jini ranar Talata. An samu 150 bisa 95, an ce ya dawo bayan sati biyu a sake gwadawa. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Na rubuta ranar a littafin, ƙarƙashin awon rigarsa.