Kafin ka sa wa babur ɗinka faffaɗar taya

Yanzu a Damagaram duk saurayin da ya samu ɗan babur mai inji 125 na hannu, ƙafar baya ce ke fara tsone masa ido. A yanke madigadi, a rage kujera, a sa taya mai faɗi irin ta hotunan Facebook. Ban hana ku ba, ƙannena, babur idan ya zauna a kan taya mai kauri akwai kyan gani. Ni ma na yi. Sai dai tayar na fara sayowa, daga baya na zo ina neman inda za ta shiga, kuma duk wahalar da na sha daga nan ta taso.

Ƙafar baya layi biyu take bi lokaci guda. Akwai layin sarƙa: ƙaramin sifoket na jikin inji da babban na baya dole su kalli juna sak. Akwai kuma layin tsakiya: tsakiyar tayar baya dole ta taka inda ta gaba ta taka. Tazarar da ke tsakanin layukan nan tun daga kamfani aka yanke ta, kuma a cikinta rabin faɗin tayarka zai zauna, har a bar wa sarƙa wurin wucewa. Tayar 3.00-18 da yawancin ƙananan baburanmu ke zuwa da ita faɗinta wajen milimita 80 ne, rabinta 40 ke nan. Ka ɗauko 130/70-17, rabinta 65. Milimita 25 sun ƙaru a ɓangaren sarƙa kaɗai. Kafin kuɗi su fita aljihunka, tsuguna da ma'auni ka ga ko akwai su.

Lambobin ba wuya. A 130/70-17, 130 faɗi ne a milimita, 70 na nufin tsayin gefen tayar kashi 70 cikin 100 ne na faɗin, 17 kuma girman rim a inci. Shi ma rim yana da faɗinsa, galibi a buge a jikinsa. Mai 1.85 na tayar 3.00 ne ko 90/90, ita kuwa 130 tana son kamar 3.50. Mai faci zai iya cusa maka ita a siririn rim idan ka matsa, amma za ta tsuke ta yi tudu a tsakiya, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu, ga nauyin banza.

Ni da na ga taya na gogar sarƙa, sai na jera washa a bayan babban sifoket na turo shi waje, ban taɓa na gaba ba. Gogar ta ragu, sarƙa ta koma gudu a karkace. Ba a jima ba haƙora suka cinye ta gefe ɗaya, ƙara ta fara, sarƙar na neman tsalle duk lokacin da na sake mai. Maimakon in koma baya, sai na sa aka ja wayoyin rim ya matsa dama sosai. Sarƙa ta samu wuri, amma ƙafar baya ta bar sawun ta gaba. Babur ya riƙa ja gefe, kwanar hagu daban ta dama daban. A kan kwalta hannu na iya ɓoye wannan, amma cikin rairayin unguwa ba ya ɓoyuwa.

Idan dole sai sarƙa ta matsa waje, sifoket biyun tare suke matsawa, da awo ɗaya. Akwai ƙaramin sifoket mai wuya da ake yi don haka, amma ku san kuɗinsa: duk nisan da ya yi da jikin inji, nauyin jan sarƙa na ƙaruwa a kan boris ɗin da ke riƙe da sandarsa, kuma sarƙar na iya fara cin firam ko murfin inji. Milimita kaɗan ba laifi. Idan abin ya kai yatsa guda, a ganina tayar ce ba ta babur ɗin ba, ka sauko zuwa 100 ko 110.

Gwada layukan ba ya cin ko dala. Na sarƙa, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar babban sifoket, ya tafi ya kwanta daidai a fuskar ƙaramin. Na tsakiya, ka zagaya zare ta bayan tayar baya, ka ja shi gaba ta gefe biyu yana shafar gefunanta, ka miƙe kan babur, sannan ka auna daga zare zuwa tayar gaba hagu da dama. Su zo ɗaya. Zanen da ke jikin wurin jan sarƙa kada ka yarda da shi idan mai walda ya taɓa wurin, ko babur ya taɓa faɗuwa.

Sai tazara. Tsakanin sarƙa da gefen taya kada ta gaza milimita 5 ko 6, kuma a inda ya fi matsewa za ka auna, kana juya ƙafar har ta zagayo, don da wuya ka samu rim da ba ya ɗan rawa. Taya biyu masu lamba ɗaya daga kamfani daban ba lallai faɗinsu ya zo ɗaya ba, saboda haka a auna ta bayan an ɗora an ba ta iska. Taya na ƙara buɗewa idan ta yi zafi, ku tuna da kwaltar hanyar Tanut a watan Afrilu, sarƙa kuma idan ta tsufa tana lilo gefe da gefe. Da sabuwar sarƙa ƙafa na zama can gaba, to a nan ne za ka duba ko goshin taya na kusa da ƙarfen da ya haɗa hannuwan baya. Ta sama kuwa, kwance shokozoba ka sauke babur har inda zai kai idan ya nutse gaba ɗaya. Mu nan ba mutum ɗaya ke hawa ba: kai, abokinka, da buhun hatsi daga Kasuwar Dole. Notin madigadi guda da ya leƙo ƙasa ya isa ya tsaga sabuwar taya.

Wanda ya sa dogon shokozoba don baya ya ɗaga, sakin milimita 20 zuwa 30 da aka saba ba sarƙa ba lallai ya ishe shi ba. Sarƙa ta fi tsukewa lokacin da ƙaramin sifoket, mahaɗar hannuwan baya da sandar ƙafa suka zo layi ɗaya. A danna babur har su jeru, a tabbatar akwai ɗan saki a wannan wurin, sannan a ɗaure. Sarƙa mai lamba 428 mai roba a tsakanin gaɓoɓi tana jure ƙurarmu, amma ta fi ta gargajiya faɗi, sai ka sake awo idan ka canza. Makullin sarƙa kuma rufaffen bakinsa ke fuskantar inda take gudu.

Kwalar da ke gefen ƙafa, wato zoben ƙarfen da ke cike tazara a kan sandar ƙafa, a kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya yi ta daidai awo, a bar tarin washa. Kada a manta da bututun da ke tsakanin boris biyu a cikin ƙafar, don idan babu shi, ɗaure noti kaɗai zai murƙushe su. Ƙarfen da ke hana farantin birki juyawa shi ma ya zauna a wurinsa da fil, musamman idan ƙafar ta wani babur ce daban. Taya ta hannu kuwa a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tana iya zama da zane radau alhali robar ta bushe.

Idan an gama haɗawa, shafa alli a gefen taya ta wajen sarƙa, a bisanta, da cikin madigadi. Ɗauki mutum mai nauyi a baya, ku bi hanya mai ramuka a hankali, ku dawo ku duba. Inda allin ya goge, a nan wani abu ke taɓawa, sai a kwance a gyara kafin a hau hanyar Mirriya.