Na bar ɗakin rekod, amma kwirin nan bai bar raina ba

Jiya na miƙa makulli, na kwashi kofin shayina da sallayata na fito. Waɗanda muka yi aiki tare sun san maganar da zan yi, ku yi haƙuri, sau ɗaya zan faɗa in huta.

Oga ne ya kira ni wai baƙi za su zo, in fitar masa da yawan mutanen da hawan jini da ciwon suga suka kashe a asibitinmu cikin shekara goma, kwana huɗu ya ba ni. Ni kuma dan in burge sai na jawo takardun shaidar mutuwa ina ƙirga layin sama kawai, lissafi ya nuna wai abun raguwa yake yi. Murna na yi wallahi, shi ma ya yi, aka zana jadawali mai kala aka sa sunansa, nawa ko a gefe babu.

Ranar taron wata likita 'yar bautar ƙasa ta ɗaga hannu ta ce ranka ya daɗe, masu shanyewar ɓarin jiki da suka cika wod ɗin maza fa, da waɗanda ƙodarsu ta tsaya, ina aka kai su? Ɗaki ya yi tsit. Ashe layin sama abun da ya ƙarasa mutum ne, cutar da ta faro tafiyar tana can ƙasa, in ma likitan dare ya samu sukunin rubutawa kenan. Mai suga ƙafa ta ruɓe, dangi na ta cewa daji ne ana shafa magani, sai ta yi wari a kawo shi, ya rasu a rubuta guba ta shiga jini, ka duba takardar kaf babu suga. Shi hawan jini ma ya fi iya ɓuya, ko a ƙa'idar ICD-10, kundin rarraba cututtuka na duniya, in ya zo tare da shanyewar jiki to shanyewar ake ƙirgawa, da sunan wasu yake kisa.

Oga ya juyo ya nuna ni ya ce yaron rekod ne ya kawo. Yaro fa, ni da furfurata. Washegari ga kwiri, takardar tuhuma.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Da na tsaya na duba alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da jikina ya ba ni, masu hawan jini daga miliyan 650 a 1990 sun kai kusan biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ma ba su san suna da shi ba, masu suga daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. To ta yaya namu asibitin kaɗai zai yi ƙasa, tsarki muka fi kowa? Amma shi da ya sa hannu bai karanta ba fa?

Wata uku na yi ina buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya bayan an tashi aiki, ƙura, kashin ɓera, wasu gara ta cinye rabi. Layin jadawali ya miƙe sama kamar yadda yarinyar nan ta zata. Shi ma sabon lissafin da sunan oga ya fita.

Sauran abun da na koya ba yawa. In adadi ya ƙaru ka fara tambaya ko garin ne ya ƙara cika. Rajistar asibiti ba ita ce garin ba, mutum zai yanke jiki ya faɗi a banɗaki a ce aljanu ne, kafin la'asar an kai shi, babu takardar da ta san da zamansa. Kuma kar ka ba kowa lissafi sai ka riƙe kwafi mai sa hannunsa.

Da nake tattara kaya magatakarda ya ce Malam ko a cire kwirin daga fayil ɗinka, ai an wuce wajen. Na ce a'a, a bar shi inda yake.